Kifin Baba Na Cikin Baƙin Dutse

Mahaifina ya ƙarar da ƙuruciyarsa da ƙarfinsa wajen fasa dutse, kuma duk abin da hannunsa ya fasa inji ya niƙe shi ya zama siminti. In a gidan bulo kuke zaune, wa ya sani, ƙila guminsa na cikin bangon da kuka jingina da shi. A duk tsawon aikin nan abu ɗaya tak ya so ya tsira daga niƙa, wato wani kifi da ya samu kwance a cikin dutse. Ni ce autarsa, ɗinki ne sana'ata, kuma gara in faɗa muku tun yanzu cewa raina a ɓace yake. Duk sanda na tuna maganar nan sai in ji kamar in kife keken ɗinkin in tashi.

Da haƙar rijiya Baba ya fara, yana bin kakanmu. Shi ake zura wa igiya a saukar ƙasa saboda ba shi da jiki. Ya ce wata rana ya yi nisa, inda hasken sama ya koma kamar bakin kofi, sai digarsa ta ɓamɓaro wani baƙin dutse mai laushi, ga katantanwa jere a jikinsa, duk sun zama dutse. Ya cika aljihu ya fito yana murna. Kakanmu ya karɓa ya juya, ya watsar a bayan tarin ƙasa, ya ce masa ruwa aka aike shi nema, ba kayan wasa ba. Baba bai sake nuna masa ba, amma bai daina cika aljihu ba.

Da kamfanin siminti ya buɗe ramin dutse a bayan gari, ya bar rijiya ya koma can. Na sha kai masa abinci, don haka na san ramin nan kamar tsakar gidanmu. Rami ne mai faɗin da in mutum ya tsaya a wancan gefen ba za ka gane fuskarsa ba, tifofi na sauka suna hawa, katafila na gurnani, farar ƙura ta rufe gashin ido. In ka ɗaga kai ka kalli bangon ramin, sai ka ga dutsen hawa-hawa ne. Ga fari, ga ja-ja mai yashi, ga baƙi, sai kuma fari, sai yashi, sai baƙi, haka har sama. Farin shi kamfani ke so. Baƙin kuwa ma'aikata na kiransa mai falle, don in ka sa masa ƙarfe a gefe ka buga sai ya rabu falle-falle, kuma ba wanda ya damu da shi sai Baba.

Lokacin hutun rana, sauran ma'aikata na miƙe ƙafa a inuwar tifa, shi yana tsugune a gindin bango da 'yar gudumarsa da wani siririn ƙarfe da maƙeri ya daddaɓe masa baki. Zai ɗora ƙarfen a kan layin dutsen, ya ƙwanƙwasa a hankali, ya saurara, ya matsa gaba kaɗan ya sake. In fallen ya buɗe, wani lokaci ba komai, wani lokaci haƙori, ko ƙaya, ko rabin wutsiya. Abokan aikinsa suka sa masa suna Masunci, wai mutumin da ko iyo bai iya ba ya zama mai kamun kifi a kan tudu. Sunan ya bi shi har unguwa. Shugaban aikinsu ya sha zazzaga masa masifa a gaban mutane, ya taɓa sa katafila ta bi ta kan abin da ya tara a gefe don kawai ya ga yadda zai yi. Baba ya tsaya yana kallo har aka gama, sannan ya ɗauki shebur ɗinsa ya koma aiki.

A gida ma bai tsira ba. Inna, mahaifiyarmu, ta gaji da ɗinke aljihun da duwatsu suka huda, har sai da na girma na karɓe ta. In ya shigo da yamma takan ce, "Masunci, yau ma an yi kamu? To a soya ko a dafa?" Shi kuwa ya yi dariya ya wuce ɗan ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, inda ya kafa katakai a bango yake jera kayansa. Ɗakin nan taga ɗaya gare shi, ƙarama, kuma ba ya yarda a share masa shi.

Sai ga Malama ta zo. Malamar jami'a ce mai nazarin duwatsu, gajeriya, mai saurin magana, ta kawo ɗalibanta ramin da hulunan kwano a kansu. Aka ce Baba ya riƙe musu tsani. Tana cikin bayani ya ciro wani haƙori daga aljihu ya miƙa mata. Ta duba, ta dube shi, ta ce a ba ta wuri ta zauna. Daga ranar duk shekara in ta kawo ɗalibai sai ta biyo gidanmu ta sha shayi a ƙofar ɗakin nan.

A bakinta na fara jin cewa inda muke zaune teku ne a da can, tun ba a yi mutum ba. Baba ya ce ai ya sani, ruwan Ɗufana ne. Ta ce, "Baba, wannan Allah ne masani. Ni dai abin da bangon ramin ya nuna mini shi zan faɗa maka, kuma ya nuna ruwan ba sau ɗaya ya zo ba." Ta ɗauko duwatsu uku daga kan katakonsa ta jera a ƙasa. Ta ce in teku ya cika ya hau kan ƙasa, wurin ya yi zurfi, ruwan can ƙasa ba ya motsi, iska ba ta kai wa gare shi, don haka ba abin da ke rayuwa a can balle ya ci gawa. Kifi in ya mutu a sama sai ya nutse ya kwanta, laka mai laushi ta yi ta sauka a kansa a hankali har ta rufe shi yadda yake. Wannan lakar ce ta danne ta zama mai falle. In kuma tekun ya ja baya, ruwa ya rage, igiyar ruwa ta yi ta wasa da komai, sai ka samu yashi da gutsattsarin katantanwa, ba abin da ke fita lafiya. Sai ya sake cikowa, ya sake ja.

Baba bai yarda ba. Mutum ne mai taurin kai, ni na gada. Shekaru suka yi suna wannan gardamar, in ta zo su ɗora daga inda suka tsaya. Shi ya ce ruwa ɗaya ne, ita ta ce ya je ya duba. Ya yi ta dubawa kuwa, tun daga gindin rami har baki, yana bin baƙin layi yana ganin inda yashi ya hau kansa, inda baƙi ya sake dawowa. Wata shekara tana zama ya ce mata, "Malama, ruwan nan ya yi zarya." Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta koya masa abubuwa da yawa, amma wanda ta fi nanata masa shi ne, mai falle ba dutsen gaske ba ne, laka ce da ta bushe a matse. Muddin ya fito sarari ya sha iska, to kada ruwa ya taɓa shi, domin zai kumbura ya koma lakarsa.

Ni nakan zauna in saurara ina ɗinkin hannu. Yayana kuwa, babban ɗan gidan, da ya ji an ambaci teku zai tuna yana da wani uzuri a waje.

Bari in yi wa Yaya adalci kafin in ci gaba, don in na fara ba lallai in tuna ba. Ba mugu ba ne. Da bokiti da tsumma ya fara wankin mota a bakin titi, yau yana da rumfa mai kwano da injin feshin ruwa da ma'aikata. Shi ya sake wa gidanmu rufi, shi ke kawo cefane. Amma Yaya ba ya iya ganin ƙura ya wuce. In ya zo gaishe ku, yana magana yana goge hannun kujera da yatsa yana dubawa. Kuma tun yana makaranta yake jin kunyar sunan Masunci, don yara sun sha tsokanarsa da ɗan mai kifin dutse. Ya girma yana ganin ɗakin Baba a matsayin wani datti da aka hana shi wankewa. Sau nawa yana cewa, "Baba, ka bari in kawo yarana su gyara maka ɗakin nan." Baba ya ce, "Babba, bar mini kayana, ruwa ba ya shiga nan." Yaya ya ɗauka irin camfin tsofaffi ne, bai taɓa tambayar dalili ba.

Da ƙarfin Baba ya ragu, kamfani ya sallame shi. Suka ba shi takardar yabo da agogon bango, mutumin da a lokacin yanar ido ta riga ta fara rufe masa gani, ko lambobin agogon ba ya gani. Wannan ma wani takaicin ne, amma ba shi na zo faɗa ba. Bai zauna a gida ba. Akwai tsohon ɓangaren ramin da kamfani ya daina aiki, mai gadin wurin kuma abokinsa ne, sai ya riƙa barinsa ya shiga. Kullum da safe ya ɗauki sanda da guduma ya tafi. Inna ta yi faɗan, ni na yi, Yaya ya yi. Baba ya ce ido ne ya tafi, kunne da yatsu suna nan.

Wata rana da hantsi mai gadin ya kira ni a waya ya ce in zo, Baba ya ƙi tashi daga ramin. Na bar ɗinkin mutane na hau babur. Na same shi zaune dirshan a ƙasa, tafin hannunsa duka biyu a kan wani faffaɗan falle. Ya ce, "Auta, zo ki duba mini. Hannuna na gaya mini wani abu, ina tsoron ƙarya yake."

Ba ƙarya yake ba. Kifi ne cikakke, tsawonsa ya kai daga kafaɗata zuwa yatsuna. Bakinsa a ɗan buɗe, haƙora jere, ƙayar baya tun daga kai har wutsiya ba wadda ta goce, ɓawon jikinsa ɗaya bayan ɗaya yana ɗan sheƙi ruwan ƙasa-ƙasa a kan baƙin dutsen. Har ramin idonsa yana nan. Ni da nake ɗinki na san aikin da aka yi da natsuwa in na gan shi, kuma ban taɓa ganin irin wannan ba. Na ce, "Baba, kifi ne, duka." Ya ce, "Wutsiyar fa?" Na ce tana nan. Sai ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba.

Tsofaffin abokan aikinsa, waɗanda suka sa masa sunan tsokana, su suka zo suka taya shi. Suka yanko fallen da kewayensa, suka zura masa tsohuwar ƙofar katako a ƙarƙashi, aka shimfiɗa yashi a cikin kura aka turo shi gida a hankali, Baba na tafe a gefe da hannu ɗaya a kai. Aka ajiye shi a tsakiyar ɗakin, a kan bulo, aka lulluɓe da busasshen zane. Na ɗauki hoto na tura wa Malama. Hoton bai yi kyau ba, baƙi ne a kan baƙi a ɗaki mai duhu, amma ta hango haƙoran da wutsiyar, ta kira nan take. Ta ce a duk shekarun da ta yi tana zuwa ramin nan ba ta taɓa samun cikakke ba. Ta ce kada a motsa shi, za ta zo da gam na musamman da farin filasta irin na ɗaurin karaya, a ɗaure shi a kai gidan adana kayan tarihi na jami'a, a sa shi cikin gilashi inda kowa zai gani.

Abin da Baba ke so ke nan, ba wani abu ba. A ɗauki kifin nan lafiya a kai shi inda inji ba zai kai gare shi ba, shi kuma ya gan shi da idonsa ko sau ɗaya kafin a tafi da shi.

Sai jira ya fara. Motar sashensu Malama ba taya. An sa taya, direba ya tafi hutu. Direba ya dawo, wanda zai sa hannu a fitar da mota ya yi tafiya. Ita kanta Malama har kuka ta kusa yi mini a waya, ta ce motarta ƙarama ce, in ta ɗauko shi a haka zai karye a hanya. Ban ga laifinta ba, amma waɗanda ke zaune a ofis suna juya kujera, Allah ya isa tsakanina da su. Damina ta matso, Baba ya sa aka ƙara leda a rufin ɗakin, kullum ya shiga ya ɗaga zanen ya bi kifin da yatsa daga kai zuwa wutsiya ya mayar ya rufe.

Cikin wannan jiran aka ba shi ranar aikin ido. Da ƙyar ya yarda, sai da na ce masa, "To ka zauna, a zo a ɗauke shi ba ka gan shi ba." Gidana ya fi kusa da asibiti, don haka aka shirya zai zauna wurina har a cire bandeji. Da zai fita ya ba Inna makullin ɗakin ya ce kada kowa ya shiga. Yana kwance a gidana da ido a ɗaure Malama ta kira ta ce an samu mota, za su zo ranar da za a buɗe masa idon, har da manyan sashensu da mai ɗaukar hoto. Baba ya kasa cin abinci don murna. Ni kuma na kira gida na sanar, kamar yadda kowa zai yi.

Da safe likita ya cire bandejin. A hanya cikin mota Baba sai kalle-kalle yake kamar baƙo. Ya ce ashe an yi wa gadar nan fenti. Ya dube ni ya ce, "Auta, yaushe kika yi furfura?" Na ce ɗinkin mutane ne da rigimarka. Ya yi dariya, ya ce wa direba ya ƙara sauri.

Tun daga ƙofar gida na san akwai magana. An shafe bangon waje da sabon fenti, an share har bakin titi, ga kujerun roba an jera. Inna na tsaye a tsakar gida, ta ce sannunku da zuwa tana kallon ƙasa. Yaya na jingine da bango cikin fararen kaya, makullin mota a hannu, fuskarsa kamar wanda ya kwana da zazzaɓi. A kan simintin tsakar gida kuwa, wani baƙin sawu ya tashi daga tsakiya ya nufi magudanar ruwa, an goge an goge bai fita ba.

Baba bai tsaya gaisuwa ba, ya nufi ɗakinsa. Ƙofar a buɗe take. An wanke ƙasa tas, an goge taga, ɗakin na ƙamshin sabulu. Tsohuwar ƙofar katakon na nan a kan bulo, an wanke ta ita ma. A kanta an ɗora wata babbar roba ta wanki, cike da baƙar laka.

Inna ce ta faɗa, tana yi tana share hawaye da bakin mayafi. Da Yaya ya ji manyan baƙi za su zo har da mai hoto, ya ce ba za a shigo a ga mahaifinsa cikin wannan ƙura ba. Ya karɓi makulli, ita kuma ta ba shi, don a tunaninta ruwan sama Baba ke gudu. Ya kawo ma'aikatansa suka fito da kifin tsakar gida. Ya ce shi da kansa zai yi, ba zai bar wa kowa ba. Ya rage ƙarfin injin, ya fesa ruwa a hankali, ya sa garin sabulu da burushi mai laushi, irin wanda yake wa motocin manya. Inna ta ce da farko abin ya yi kyau, ya yi baƙi wul yana ƙyalli, har Yaya ya kira ta ta gani. Suka bar shi a rana ya sha iska. Kafin a jima ya fara kumbura yana tashi ɓawo-ɓawo. A aikin Yaya kuwa, in ka ga kumfa na bushewa a jikin mota cikin rana tana ɓata fenti, ruwa ake ƙarawa da sauri. Sai ya ƙara ruwa. Yana fesawa, kifin na narkewa, ya rikice ya ƙara. Da ya ga abin na bin magudana, ya yar da tiyo ya durƙusa yana tarewa da hannu yana zubawa a roba.

Na juya kan Yaya. Ban san duk abin da na faɗa ba, amma na san maƙwabta sun leƙo ta katanga. Na ce, "Shekara nawa mutumin nan yana cewa ruwa ba ya shiga ɗakin nan? Sau ɗaya ka taɓa zama ka ji me ya sa? Kai dai komai na duniya mota ne a wurinka. Abin da ya kwana a ƙasa tun ba a yi mutum ba, katafila ba ta fasa shi ba, damina ba ta taɓa shi ba, sai kai da burushinka." Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Auta, dutse ne fa. Ta ina zan san dutse na narkewa? So na yi ya ga abin yana sheƙi in an buɗe masa ido." Na ce ai ga shi ya gani.

Na waiga wajen Baba. Yana tsaye a kan robar nan yana kallo da sabon idonsa, hannunsa a bayansa. Muna haka muka ji tsayuwar mota a waje.

Shi ya fita ya tare su, ni ina biye. Malama ta sauko da fara'arta, bayanta wasu maza biyu da manyan riguna da mai kyamara, direba na sauke buhunan filasta. Ta ce, "Baba, ido ya buɗe? Ka gan shi?" Ya gyara tsayuwa ya ce, "Malama, kun sha hanya a banza. Kifin ya lalace. Na wanke shi."

Ta tsaya cak. Ta ce, "Ka wanke shi? Kai, Baba? Kai da muka yi shekaru muna wannan maganar?"

Ya ce, "Ni. Kafin in tafi asibiti. Na ce bari in gyara shi saboda baƙi. Tsufa ne, Malama, ba ido kaɗai yake ci ba."

Ɗaya daga cikin masu manyan rigunan ya yi tsaki, ya juya ya ce wa ɗan'uwansa, ba ma a hankali ba, irin abin da ake gudu ke nan in aka bar kaya mai daraja a hannun wanda bai san darajarsa ba. A gaban Baba ya faɗa, a ƙofar gidansa, maƙwabta na ji. Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya waiwayo ya dube ni. Rabon da ya iya yi mini irin wannan kallon tun ina 'yar makaranta. Na haɗiye maganata.

Yaya kuwa yana tsaye a bakin ƙofa, taku kaɗan tsakaninsa da su, ya ji komai. Na kafe shi da ido ina jira. Kalma uku kawai ake nema, ya ce ni na yi. Ya kalli makullin hannunsa, ya kalli takalminsa, ya yi shiru. Wankin da ya yi zan iya cewa rashin sani ne, wata rana ma ƙila in yafe. Amma ya tsaya da fararen kayansa ya bari a kira ubansa jahili a kan abu ɗaya da ya fi kowa a gidan nan sani, wannan har yau in na gan shi gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Malama ta shiga ɗakin ita kaɗai. Ta naɗe hannun riga ta sa hannu cikin robar tana lalube, ta tsamo haƙora kaɗan da 'yan ƙashin baya, ta naɗe a auduga. Da ta fito ta dubi baƙin sawun da ke tsakar gida, ta dubi tiyon da aka naɗe a gefe, ta dubi Yaya. Ta durƙusa ta yi wa Baba sallama, ta ce Allah ya ƙara lafiya. Aka mayar da buhunan filasta mota, suka tafi ko shayin da Inna ta dafa ba su sha ba.

Bayan an watse na same shi a ɗakin, zaune a ƙasa kusa da robar. Na ce, "Baba, me ya sa? Yanzu duk unguwa za a ce Masunci ya wanke kifinsa." Ya ce, "Su faɗa. Ni na saba da dariyarsu. Shi yana da mata da 'ya'ya da rumfa a bakin titi, ba zai iya ɗauka ba." Na ce ai shi ya jawo. Ya ce, "Na sani."

Ya sa yatsa ɗaya a cikin lakar ya ɗago ya kawo kusa da idonsa, ya juya shi a hasken tagar da aka goge. Can ya ce, "Auta, ke kin gan shi sosai ranar nan, cikin rana?"

Na ce na gan shi.

"Yana da kyau?"

Na ce, "Yana da kyau, Baba."

Ya goge yatsan a gwiwar wandonsa, ya matsa mini wuri. Ya ce, "To zauna ki faɗa mini yadda yake. Kada ki yi sauri."

Na zauna kusa da shi a kan simintin da bai gama bushewa ba, na fara daga wutsiya.